Sabitu Mai Hoto da Kififiyar Tafkin Masaki

Duk wanda aka ɗauki hotonsa a Bauchi tsakanin 1949 da samun 'yancin kai, da wuya in ba gaban Sabitu na Gwallaga ya zauna ba. Akwatinsa na katako ne mai ƙafa uku, da baƙin hannun riga a gefe inda yake zura hannu ya wanke hoton tun a ciki. Yakan kafa shi a gindin wata ceɗiya, ya rataya baƙin zane a bango, ya zaunar da mutum a benci, ya ce, "Kada ka motsa, kada ka ƙifta." Sai ya zare murfin idon akwatin, ya ƙirga ɗaya zuwa biyar, ya mayar. Wanda ya motsa kafin biyar, da kai biyu zai fito. Ɗan doka, ango, maniyyaci mai neman fasfo, duk ƙirgan nan biyar suka bi.

A Jos ya koyi sana'ar, shekara uku yana wanke hotuna a shagon wani Bayarabe. Amma abin da ya kai shi Jos ɗin ya faru ne tun yana ɗan shekara tara, lokacin da aka kai shi Tirwun wurin kakarsa. Bayan garin akwai wani tafki a gindin dutse da ake kira Masaki, saboda zagayensa da zurfinsa. Idon ruwa ne ke ciyar da shi daga ƙarƙashin dutsen, shi ya sa ba ya ƙafewa, kuma da tsakiyar rani ruwan kan kwanta ya yi garau har mutum ya ƙirga tsakuwar ƙasa. Sabitu ya hau dutsen tsinkar ɗinya, santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwan. Kafin wani makiyayi ya tsamo shi, idonsa a buɗe yake, ya kuma ga abin da ya gani. Kififiya ce, kunkurun ruwan nan mai taushin baya da dogon hanci, kwance a kan yashi, faɗinta ya fi na babban faifai. Hasken rana ya sauko zare-zare ya kwanta a bayanta. Ta dube shi, ta tashi a hankali, ta ware hannuwanta, ta bi ta saman kansa kamar shirwa, cikinta fari fat.

Da ya ba da labari aka ce ruwa ya sha. Kowa ya san kififiya: mummunar aba ce mai cizo, wadda ake gani caɓe-caɓe da laka. Ba wanda ya yarda cewa a gidanta wata halitta ce daban. Yaron ya daina faɗi, amma bai manta ba.

A 1953 aka kawo masa kwalin takardun hoto daga Jos, an naɗe su da shafin wata mujallar Turawa. Yana warwarewa ya tsaya cak. Wani mutum ne a ƙarƙashin teku, gilashi a fuska, kwalaben ƙarfe biyu a baya, ƙafafu kamar na agwagwa, ga kunkurun teku ya kai ƙyaure girma yana shawagi a gefensa, hannuwa a ware. Sabitu ya kai shafin wurin wani akawu ya karanta masa. Akawun ya ce iska ce aka ɗura a kwalaben, akwatin hoton kuma an rufe shi cikin wani akwatin da ruwa ba ya shiga.

Sabitu bai tsaya mamaki ba, lissafi ya shiga. Abu uku ake buƙata: numfashi, akwatin da ba ya yoyo, da ruwa mai haske. Kwalaben iska babu su a Bauchi. Ya gwada shaƙar iska ta cikin gora a wani kududdufi, ya tarar da zarar mutum ya nutse ya wuce kamu biyu, ƙirjinsa ba ya iya jawowa. To, sai huhunsa. Zurfin Masaki a gindin dutsen gaba biyu ne. Sauka ƙirga goma, kafa akwati goma sha biyar, buɗe idon akwatin a hasken ƙarƙashin ruwa goma sha biyu maimakon biyar, hawowa goma. Arba'in da bakwai. Ya ce bari ya nemi saba'in don kada a yi kunya.

Kullum bayan la'asar sai ya cika daro ya tsoma kai, matarsa Habibatu na gefe tana ɓarar gyaɗa, kowace ƙwaya ƙirga ɗaya. Ranar farko ya ɗago a ashirin da huɗu yana tari.

"Malam," in ji ta, "matan maƙwabta sun ce in tambaye ka, wankan kai ne ko magani aka ba ka?"

"Ce musu aikin gwamnati ne."

"Gwamnatin kwaɗi?"

"Ke dai ƙirga. Kuma na lura in kin gaji kina ɓara da sauri."

Wata huɗu ya kai saba'in da ɗaya.

Akwatin kuwa shi da abokinsa Mansir kafinta suka haɗa. Garwar kananzir suka yanke wa gaba suka sa gilashin taga, suka huda gefe suka ɗaura guntun tubun mota inda hannu zai shiga, suka ƙera ƙaramin akwatin hoto daidai cikinta. Garwa mai iska ba ta nutsewa, sai da duwatsu huɗu. Bakin gilashin suka liƙe da ƙaro, domin da shi Sabitu yake manna hotuna a kwali, da shi Mansir yake toshe tsagar akwati, in ya bushe kuma kamar dutse. Suka kwarara mata guga uku, ko ɗigo bai shiga ba.

Abu na uku shi ne ruwa, kuma shi ne ba a hannun Sabitu yake ba. Masaki tafki ne mai ɗauri. Daga ɗaukewar damina, Sarkin Ruwa Ya'u yakan ɗaure shi: mata su ɗebi ruwa a baki, shanu su sha a gefe, amma ba mai shiga ya wuce gwiwa sai ranar su, a ƙarshen rani, ranar da ake kwance shi kowa ya faɗa da homarsa ya kama kifi. Akwai kuma ƙa'ida guda. Wanda kififiya ta shiga homarsa yakan ɗaga ta sama a yi masa shewa, ya mayar da ita. Mutanen wurin sun ce kififiyoyin ne ke tone bakin idon ruwan da faratansu, kada laka ta toshe shi. Sabitu yakan hau keke ya je, tafiyar minti arba'in, ya zauna a kan dutsen da hantsi yana ƙirga hantunan kififiya da ke ɓullowa shan iska. A ranin 1954 ya ƙirga goma sha tara.

Ranar su ta shekarar ya isa da wuri. Don kada rana ta gasa takardun, sai ya ajiye garwar cikin ruwan baki, inda aka yarda, ta yi wajen awa guda tana jiran a kwance tafki. Da Sarkin Ruwa ya ɗaga sanda, Sabitu ya riga kowa faɗawa. Yana kaiwa ƙasa, yana kafa garwar, gilashin ya sulale ya kwanta a yashi, iska ta fita ɓul-ɓul. Ya hawo da garwa cike da ruwa.

Mansir ya shafa bakin garwar, ya murza yauƙin a yatsa, ya daɗe yana kallo. "Sabitu," ya ce, "ashe ƙaron nan shi ne dai wanda malamai ke jiƙawa su haɗa tawada."

"Sai yanzu ka tuna?"

"Kai da ka zauna a Jos ma ba ka tuna ba."

Shekara guda ta tafi a kan wannan. A 1955 suka liƙe da kakin zuma da kwalta, suka bar garwar kwana uku a cikin rijiya, ta fito a bushe. Ranar su Sabitu ya nutse sau shida, ya buɗe idon akwatin sau shida. Amma mutum ɗari uku da goma sha biyu ne suka faɗa tafkin tare da shi, kuma kafin ya kai ƙasa ruwan ya zama kunu. Takardu shida suka fito iri ɗaya, ba sama ba ƙasa. A nan ya gane inda gizo ke saƙar: kwanakin da ruwan ke da haske ba a shiga, ranar da ake shiga babu haske.

Ya sayi goro ya tafi gidan Sarkin Ruwa. Tsoho ne ɗan siriri, yana zaune yana gyaran homa.

"Ranka ya daɗe, jajiberin su nake roƙo. Ni kaɗai, da hantsi. Nutso uku. Ko ɗan tarwaɗa ba zan taɓa ba."

"Me za ka ɗauko, in ba kifi ba?"

"Hoton kififiya."

"Ai kana ganinta ranar su. Ana ɗaga ta har sama."

"A gidanta nake so, Baba. Yadda take tafiya."

Tsohon ya ɓare goro ya ba shi rabi. "Ɗan nan, ɗaurin nan ba nawa ba ne, tarar da shi na yi. In na buɗe maka da akwati, gobe wani zai zo da homa ya ce shi ma kallo zai yi. Ka zo ranar kowa."

Sabitu ba mai zama ba ne. Ya ce ran dattijo da alheri ake sayensa, ba da naci ba. Ranar su ta 1956 bai ko ɗauki garwar ba. Babban akwatinsa ya ɗaure a keke, ya kafa a bakin tafki, ya rataya baƙin zanensa a jikin wata kanya. Da aka kama kififiya mafi girma, ya roƙi Sarkin Ruwa ya riƙe ta a ɗauke su tare. Tsohon ya san hannunta. Ya tallafi cikinta, ya ɗora jiƙaƙƙen ganye a idonta, ta yi lamo. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya mayar da ita ruwa tun bayanta bai bushe ba.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. Sabitu ya sa shi a gilashi ya kai. Sarkin Ruwa ya juya shi, ya kira matansa suka gani, ya sa albarka mai yawa. Sannan ya ce, "Na gode da kyauta. Amma maganar jajiberi tana nan inda muka bar ta."

Sabitu ya wanke na biyu ya kafe a allon da yake baje hotuna a gindin ceɗiya, don talla. Shekara guda samarin gari suna tsayawa a gabansa.

Da ranar su ta zagayo, kowane saurayi kififiya yake nema, ba kifi ba. Wanda ya kama sai ya yo kan baƙin zane da gudu, abokansa a baya. Amma su ba su san hannunta ba. Ta miƙa dogon wuyanta tana neman yatsa, tana yaƙushi, hoton farko ya fito da ita kamar hayaƙi, na biyu ma haka. Mutane sun yi layi, takarda na lalacewa. Sabitu yana cikin hannun rigar akwati, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ku ajiye ta a rana ta ɗan yi laushi tukuna."

Aka kifar da ita a kan yashi mai zafi. Ta yi laushi. Hotuna suka fito tas. Daga hannun wannan zuwa hannun wancan, kififiya ɗaya sai ta ɗauki hoto da mutum uku ko huɗu. Da yamma aka mayar da su ruwa kamar yadda ƙa'ida ta ce, wasu suka nutse, wasu suka yi ta yawo a sama ciki a waje. Waɗannan aka ce ai ba a bar nama ya lalace, aka kai gida, wasu don miya, wasu don magani. Sarkin Ruwa yana can ɗaya gefen yana raba rigimar kifi tsakanin mutum ɗari uku. Hoto tara Sabitu ya ɗauka ranar.

A ranin 1958 ya zauna a kan dutsen ya ƙirga hanci goma sha uku. Ya ce wataƙila sauran suna ƙarƙashin dutse. Ranar su ya ɗauki hoto goma sha huɗu, yana gaya wa kansa cewa in ya zama ɗan gida a bakin Masaki, wata rana za a buɗe masa. A 1959 ya ƙirga bakwai. Ya koma kwana uku a jere, bakwai dai. Duk da haka ya kafa akwati ranar su, domin waɗanda suka zo tun daga Fadaman Mada da sababbin riguna ba ya iya kallon idonsu ya ce a'a. Ya roƙe su a riƙa zuba mata ruwa. Hoto takwas.

Habibatu ce ta haɗa masa lissafin, tana tankaɗe, ba ta ko dube shi ba. "Tara da sha huɗu da takwas, talatin da ɗaya ke nan. Hanci kuma daga sha tara ya dawo nawa?"

Sabitu ya tashi. Ya fita ya cire hoton Sarkin Ruwa daga allo.

A 1960 saura hanci uku. Sabitu ya bar akwatinsa a gida ya je hannu rabbana, da niyyar hana samari. Ya tarar da baƙin zane biyu a jikin kanyar. Wasu masu hoto biyu ne daga cikin gari, ɗaya ma shi ya koya masa ƙirgan biyar. Ya yi magana, aka ce baƙin ciki yake yi don an shigo masa kasuwa. Ya je wurin Sarkin Ruwa, tsohon ya tako da sandarsa ya yi faɗa, samari suka ce, "To, Baba, yanzu za mu mayar," suka juya suka ci gaba. Wani ma ya ce ai hoton Baban suka gani suka koya.

Watan Oktoba aka sami 'yancin kai. Sabitu bai taɓa aiki irin na makon nan ba: 'yan makaranta da tutoci, 'yan kasuwa, ma'aikatan En'e, hoto ɗari biyu da shida cikin kwana biyar. A cikinsu har da walimar sallamar wani Baturen gandun daji da zai koma gida. Baturen ya ji labarin garwar kananzir, ya yi dariya har da hawaye, da zai tafi kuma ya bar wa Sabitu ƙaramar kyamararsa da fim ɗaya mai ɗaukar goma sha biyu. Ita ba a ƙirga mata komai. Ƙyas, kafin ƙiftawar ido ta gama. Da ita ko kififiya na tafiya za a kama ta, hannuwa a ware. Mansir ya rage garwar, duwatsu biyu suka ishe ta.

Da ruwa ya kwanta a ranin 1961 Sabitu ya je ya zauna a kan dutsen. Daga hantsi har azahar bai ga hanci ba. Ya koma sau huɗu. A na biyar ya wuce gidan Sarkin Ruwa da goro, ya fara jera roƙon da ya shirya, tsohon ya katse shi.

"Shiga."

"Ranka ya daɗe?"

"Na ce ka shiga. Yau, gobe, duk ranar da ka so. Me nake tsaro?" Ya karɓi goron. "In ka kai ƙasa, duba mini bakin idon ruwan. Bana tafkin ya ja baya da taki bakwai, ban taɓa ganin haka ba."

Washegari da hantsi Sabitu ya tuɓe a kan dutsen da ya zame yana yaro. Shekararsa arba'in. Ya rungume garwar ya sauka. Ruwan garau yake kamar yadda ya bar shi shekara talatin da ɗaya baya, hasken na saukowa zare-zare. Kakin bai yi yoyo ba. Numfashinsa ya kai shi sittin da takwas ba wahala. Komai ya yi daidai. Ya zagaya gindin dutsen, ya leƙa kowane lungu, ya tone yashi da ƙafa inda kififiya ke binne kanta. Ya nutse sau goma sha ɗaya yana riƙe da fim ɗin bai taɓa ba, yana jira. Bakin idon ruwan kuwa laka ta rufe fiye da rabinsa, ɗan abin da ke fitowa bai fi kaurin tsintsiyar hannu ba. Ya sa hannu ya yashe, kafin ya sake saukowa ta koma.

Da rana ta fara karkata, ya ga hasken zai tafi, sai ya juya gilashin ga yashin nan inda kififiyar ta kwanta yana yaro, ya yi ta dannawa yana hawa yana sauka har sha biyun suka ƙare.

Duk sun fito, ba wanda ya lalace. Ga tsakuwa ɗaya-ɗaya, ga wata tsohuwar ƙwarya da ta nutse, ga 'yan ƙananan kifi biyar, ga zaren hasken kwance a kan yashi. Ya shanya su a igiya a tsakar gida. Habibatu ta goge hannu ta zo ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta dawo na farko.

"Ashe haka cikin yake," ta ce a hankali. "To ita a ina take kwanciya?"

Ya ɗora yatsa a tsakiyar hoton, inda babu komai sai yashi. "Nan. Ta tashi ta bi ta nan."

Ta daɗe tana kallon wurin. Ya ga tana ƙoƙari, ya kuma ga ba ta ga komai ba.

Ya kai wa Sarkin Ruwa wanda ya nuna bakin idon ruwan. Tsohon ya duba, ya mayar masa, bai ce a bar masa ba. Bayan damina biyu Masaki ya fara ƙafewa da rani kamar kowane kududdufi, aka daina ɗaure shi, bikin su ma ya mutu.

Sabitu ya ci gaba da sana'arsa a gindin ceɗiya, yawanci hoton fasfo da na takardar neman aiki. Garwar ta zama mazubin dawa a ɗakin Habibatu. Ɗaya daga cikin sha biyun nan ya kafe a allon talla, a gurbin hoton Sarkin Ruwa, rana ta yi ta cin sa har ya koma ruwan ƙasa. Masu jiran layi sukan tsaya a kansa su karkata kai. Wata rana wani dattijo da ya zo hoton fasfo ya nuna shi da sanda.

"Malam Sabitu, wannan da ya lalace me ya sa ba ka cire shi ba? Zai kore maka mutane."

"Bai lalace ba, Alhaji."

"To hoton wa ye?"

Sabitu ya gyara masa wuyan riga, ya koma bayan akwati, ya kama murfin. "Zauna daidai," ya ce. "Kada ka motsa, kada ka ƙifta."